Idan annoba ta ƙi tafiya, yaya za a zauna da ita a Sakkwato?

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne a Mabera, kuma ina cikin kwamitin lafiya na mazaɓarmu. Mun ji an ce korona ba ta ƙare ba, wai zama ta zo yi, kuma wata annobar tana iya ɓullowa. Ga shi kowa ya yar da takunkumi, bokitan wanke hannu sun koma na wanki. Sakaci muke yi, ko dama haka ake zama da annoba? Me za mu riƙe, me za mu saki?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ajiye takunkumi ba laifi ba ne, kuma ba nan sakacinmu yake ba. Babu al'ummar da za ta shekara biyar cikin dokar ta-ɓaci. Inda muka yi sake shi ne, da hankali ya kwanta sai muka tattara komai muka zubar, da abin da ya cancanci zubarwa da abin da ya kamata ya zauna da mu. Tsince na biyun shi ne aikin kwamiti irin naku.

Abin da kuka ji gaskiya ne. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓacin da ta ɗora wa korona tun 30 ga Janairun 2020, amma ba ta ce ƙwayar cutar ta mutu ba. Tana nan, tana ta sauya kama. Cutar ɗan Adam guda ɗaya tak aka taɓa shafewa daga doron ƙasa, ita ce agana, a 1980. Hakan ya yiwu ne don agana ba ta da maɓoya a jikin dabba, mai ita ba ya ɓuya tunda ƙurajen suna fuskarsa, kuma lamba ɗaya tana kare mutum shekaru masu yawa. Korona ta saɓa duka ukun. Tana kama barewar daji a Amurka da wasu dabbobin, mutum yana yaɗa ta tun bai san yana ɗauke da ita ba, kuma kariyar da allura ko ciwon baya ke bayarwa daga sake kamuwa tana raguwa cikin watanni, ko da yake wadda ke hana ciwon yin tsanani ta fi daɗewa. Murar 1918, wadda masana tarihi suka ƙiyasta ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya, ita ma ba tafiya ta yi ba. Zuriyarta ta ci gaba da yawo a matsayin murar shekara-shekara har zuwa 1957.

Amma zaman cuta a gari ba ya nufin ta yi laushi. Zazzaɓin cizon sauro zaune yake da mu tun kaka da kakanni, kuma Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Mun saba da shi har ba ma kiransa annoba. Irin wannan zaman ne ba na so mu yi da korona ko wadda za ta biyo bayanta.

Sai kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da lissafi. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun nuna mutum kimanin 267,000 aka tabbatar sun kamu da korona a faɗin ƙasar nan, 3,155 suka rasu. A shekarar 2021 kaɗai, amai da gudawa ta kwantar da sama da mutum 110,000, ta kashe sama da 3,500, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Don haka dattijon da ya ce maka, "Ciwon masu shiga jirgi na, mu zahin Sakkwato ya ishe shi," ba wawa ba ne. Da idonsa ya ga abin da ke kai mutane kushewa a unguwarsu, kuma ba korona ya gani ba. Yana da rabin gaskiya: mu al'umma ce ta yara, kusan rabinmu ba su kai shekara 18 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba, alhali tsofaffi korona ta fi kashewa. Inda ya kuskure shi ne batun zafi. A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar bazara, Kano ta shiga binne dattawa ba ƙaƙƙautawa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce bincike ya ƙirga mace-mace 979 a cikin birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona. Gwajin jini da aka yi a ƙarshen wannan shekarar ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a Legas da Inugu da Nasarawa ya riga ya kamu ya warke. Cutar ta ratsa mu ƙwarai. Ƙirga ta ne ba mu yi ba.

Ni tambaya biyu nake yi wa kowane mataki kafin in ce a riƙe shi. Zai iya shekara ana yinsa ba tare da ya karya talaka ba? Kuma yana kare mu daga wata cuta ban da wadda aka ƙirƙiro shi dominta? Wanda ya faɗi duka biyun, a bar shi sai ranar da babu makawa.

Kulle ya faɗi tun a tambayar farko. Ɗan kabu-kabu, da ɗan dako a Kasuwar Kara, da mai ga-ruwa, da mai tuyar ƙosai, abin da suka samu yau shi za a ɗora a wuta yau. Ka ce su zauna gida mako biyu, ka yanke musu hukuncin yunwa ke nan, kuma kayan tallafin da aka ce za su toshe wannan giɓi mun ga inda aka tsince su a watan Oktoban 2020, jibge a rumbunan ajiya a jihohi da dama. Hana zirga-zirga tsakanin jihohi bai tsayar da mota ba, kuɗin shinge kawai ya ƙara. Mafi muni shi ne kwasar almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu ana tsakiyar annoba. Kaduna ta sanar da cewa ta samu masu ɗauke da cutar da dama cikin yaran da aka dawo mata da su daga Kano. Wato gwamnatoci da kansu suka yi wa cutar jigila. Rufe makarantu kuwa, daga Maris har wajen Oktoba, kai ka fi ni sanin yara nawa ne ba su dawo aji ba, musamman 'yan mata. Nan gaba makaranta ce ya kamata ta zama ta ƙarshen rufewa, ta farkon buɗewa.

Iyaka ma haka. Tun Agustan 2019 ƙofar Illela take rufe saboda batun shinkafa, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020, amma mutanen Illela da na Ƙonni ba su daina ganin juna ba. Rufe ƙofa tura mutane yake yi hanyar daji a kan babur, inda babu mai auna zafin jikin kowa. Abin da ke aiki shi ne jami'an lafiya na ɓangarorin biyu su riƙa jin juna. Sabon nau'in sanƙarau na C a jihar nan aka fara ganinsa a 2013, ya yi wa Nijar mummunar ɓarna a 2015, sannan a 2017 ya kwantar da sama da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 1,100, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina.

To me za a riƙe? Na farko a wurina iska ce, kuma ita ce aka fi raina wa.

A farkon annobar an ɗauka ta hannu da ƙofa da takardar kuɗi cutar ta fi bi, shi ya sa aka yi ta feshi a tituna, kuɗin da ya tafi a banza. Daga baya ta tabbata cewa ta numfashi take bi. Mai ciwo yana magana ko tari, ƙananan ɗigo da ido ba ya gani suna fita su rataye a cikin iskar ɗaki. Ka tuna turaren wuta. In uwargida ta kunna shi a kusurwar ɗaki ta rufe ƙofa, wanda ke can ƙarshen gado ma sai ya shaƙa, kuma ko an fitar da kaskon ƙamshin yana nan. In a tsakar gida ta kunna, kafin ka juya ya watse. Haka numfashin mai ciwo yake. Kuma wannan hanyar ce tarin fuka ke bi, ita ƙyanda ke bi, ita mura ke bi, sanƙarau da mashaƙo ma cunkoso a rufaffen wuri suke so. Taga ɗaya da aka buɗe tana yaƙi da cuta biyar.

Ka shiga ɗakin kwana a cikin gari tsakiyar hunturu ka gani. Ginin bulo ne da rufin kwano, taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da tsumma ko kwali saboda sanyi da ƙura, an saki labule mai kauri, ga kaskon garwashi a tsakiya, ga yara takwas a kan tabarma biyu. Ƙurar hunturu ta riga ta busar da maƙogwaro ta tsattsage shi, ƙwayar cuta ta samu ƙofar shiga jini. Ba banza ba lokacin sanƙarau ke farawa daga Disamba ya kai Mayu, sai ruwan farko ya sauka ya lafa. Ba na ce a kwana da taga a wangale cikin sanyi ba, babu mai bin wannan shawarar. A bar kafa a sama, a fitar da garwashi kafin barci, a buɗe ɗakin gaba ɗaya da hantsi, mai tari kuma a ware masa wurin kwana ko da zaure ne.

A makarantarku, aji mai tagogi a bango biyu masu fuskantar juna ya fi aji mai fanka uku da taga a gefe ɗaya. Fanka juya iskar da ke ciki take yi, ba ta kawo sabuwa. In tari ya ɓarke a aji, darasi a gindin dogon yaro ba koma-baya ba ne. Wuraren da suka fi ba ni tsoro su ne ofisoshi da bankuna da sababbin masallatai da aka liƙe ko'ina da gilashi saboda na'urar sanyaya ɗaki. Sannan ka je asibitin mazaɓarku ranar awo ka duba benci: mai tarin wata biyu yana zaune kafaɗa da kafaɗa da mai ciki wata takwas da jaririn da aka kawo rigakafi. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. A fitar da bencin masu tari baranda, a fara ganinsu, a miƙa musu takunkumi tun daga ƙofa. Nan ne gurbin takunkumi yanzu: fuskar mai tari, da mai jinyarsa, da ma'aikacin lafiya, da dattijo mai ciwon suga ko hawan jini in zai shiga cunkoso lokacin da ciwo ke yawo. Sauran jama'a su sha iska.

Na biyu, oksijin. A 2020 kowa maganar injin numfashi yake yi, ana ƙirga guda nawa ke Abuja. Amma mafi yawan waɗanda ciwon ya kayar ba injin suke buƙata ba, iskar oksijin ce kawai ta bututun hanci. Maganin farko da aka tabbatar yana rage mutuwa, a wani babban gwaji a Ingila a watan Yunin 2020, shi ne dexamethasone, tsohon magani mai araha, kuma ga wanda ya kai ga buƙatar oksijin kaɗai yake amfani. Ga mai ciwo mara tsanani illa yake yi, don haka kada kowa ya je kemis nemansa. (Ya ishe mu da masu shansa don ƙiba, suna sayen hawan jini da ciwon suga da kuɗinsu.) Kulorokwin da aka yi ta rububi kuwa gwaji ya nuna ba ya komai.

Ga yadda abin yake a ɗakin duba marasa lafiya. Uwa ta shigo da yaro ɗan wata goma, kwana uku yana zazzaɓi da tari. Ma'aikaciyar lafiya ta ɗaga rigarsa. Ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk jan numfashi, hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Ta dubi agogo ta ƙirga, numfashi ya haura 50 a minti ɗaya. Ta maƙala masa 'yar na'urar auna oksijin a babban yatsan ƙafa, lamba ta tsaya a 86. Lafiyayye daga 95 yake zuwa sama, ƙasa da 90 kuwa oksijin ake nema yanzu-yanzu, ba gobe ba. In na'urar nan ba ta nan, abin da zai faru an sani: a ce maleriya ce, a ba da magani, a ce su dawo jibi. Ciwon huhu yana cikin manyan masu kashe yara a ƙasar nan, da annoba da babu. Na shiga wani asibiti na tarar da injinan tace oksijin da aka raba lokacin korona jere a sito, ƙura ta toshe matatarsu, babu wuta, babu wanda aka koya wa gyara. Saye ya fi komai sauƙi. Ku tambayi shugaban asibitinku: akwai na'urar aunawa mai aiki, da ta yara? In yaro ya faɗi ƙasa da 90 da ƙarfe biyun dare, ina ne wuri mafi kusa da ke da oksijin, kuma wa zai kai shi? In amsar ita ce sai Asibitin Koyarwa ko Asibitin Ƙwararru, to kun samu abin da za ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma.

Na uku shi ne wanda kwamitinku zai iya farawa a wannan makon, wato ƙirga mamata. Mutuwa ɗaya cikin goma, ko kusa da haka, ake yi wa rajista a Nijeriya. Mu kuma mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu takarda, babu likita. Wannan sunna ce, ba abin taɓawa ba ne. Amma akwai waɗanda babu gawar da ke wuce su: masu haƙa kabari, da liman, da masu wanka, da mai unguwa. A Kano ma masu haƙa kabari ne suka fara cewa abin ya wuce misali. Littafi ɗaya na ɗalibai ya isa. Kwanan wata, namiji ko mace, kimanin shekaru, da abin da iyali suka ce ya yi fama da shi: zazzaɓi, tari, gudawa, sanƙarewar wuya, haihuwa. Ba a buƙatar suna. A shekarar farko littafin ba zai gaya muku komai ba. Daga ta biyu za ku san adadin da aka saba gani a kowane wata, kuma ranar da mako ɗaya ya ninka abin da aka saba, ku za ku riga kowa sani. Mai kemis ma ku jawo shi, don shi ne likitan farko na yawancin mutane, kuma shi ke fara lura in maganin tari ko na gudawa ya ƙare masa kafin lokaci.

Labarin yana da inda za a kai shi. Kowace daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan tana da jami'in sa ido kan cututtuka, aikinsa ke nan, kuma lambar wayarsa ya kamata ta kasance a hannun kowane ɗan kwamiti. Ga sanƙarau har ma'auni akwai: a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda an shiga shiri, in suka kai 10 annoba ce, a nemo allura. Irin wannan yarjejeniyar, wadda aka ƙulla tun ana zaman lafiya, ita ce ke hana gardama ranar tashin hankali. Tun 2012 ake ɗibar ruwan kwata a cikin garin Sakkwato ana neman ƙwayar shan inna, kuma ƙasashe da dama da irin wannan hanyar suke bibiyar korona yanzu. Ma'aikata da tsarin yaƙi da shan inna ne aka juya suka tare Ebola a Legas a 2014, ta tsaya a mutum 20, takwas suka rasu. Tsarin da ke aiki kullum shi ke tare baƙuwar cuta, ba wanda aka kafa bayan ta iso ba.

Sai rigakafi, inda ciwon namu yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 5 cikin 100 kacal na yaran Sakkwato 'yan wata 12 zuwa 23 ne suka kammala alluran farko, mafi ƙaranci a ƙasar, alhali Anambra tana da 76. An yi aiki tun daga lokacin, amma ramin yana da zurfi. Kuma ba na yarda da masu cewa jahilci ne kawai. Mutane suna tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Suna tuna ƙaurace wa rigakafin shan inna da aka yi a 2003. Suna kuma da tambayar da har yau ba a amsa musu da kyau ba: me ya sa ɗigon shan inna ke biyo mu har ɗaka kyauta, amma in yaro ya kwanta sai an sayi ko da farasitamol? Korona ta ƙara wa zargin ƙarfi. Allurar ba ta iso Nijeriya ba sai 2 ga Maris 2021, kimanin miliyan 3.9, bayan ƙasashe masu kuɗi sun kwashe rabonsu, kuma a Disamban wannan shekarar sai da aka lalata sama da miliyan ɗaya da aka turo mana dab da lalacewarsu.

Duk da haka mun ga yadda ake dawo da yarda. Da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a 2009 bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da masu unguwa suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, lissafi ya juya, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji ranar 25 ga Agustan 2020. Darasin shi ne mutum daga bakin wanda ya sani yake karɓar magana. Kuma a faɗi gaskiya tun kafin a tsira allura: yaro zai iya yin zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, cinya za ta iya kumbura. Uwar da aka ɓoye wa wannan ba za ta dawo ba. A kuma daina tara mata kaɗai ana yi musu lacca, alhali izinin fita a hannun maigida yake. Majalisar bayan magariba ita ce wurin zancen. Game da allurar korona kanta, yau ba kowa ne ke kan gaba ba: tsofaffi, da masu ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda, da masu ciki, da ma'aikatan lafiya. Ga yara, ta ƙyanda da ta mashaƙo da ta sanƙarau sun fi ta gaggawa nesa ba kusa ba. A 2024 Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar.

Jita-jita kuwa ba a kashe ta da takardar sanarwa. Ka tuna daren da aka tashi mutane wanka da ruwan gishiri wai don kariya daga Ebola a 2014, har wasu suka rasa rayukansu don sun sha. Yanzu da murya take yawo a WhatsApp, don haka da murya za a tare ta, ta wani da aka sani, cikin harshen gari, a ranar da ta fito.

Ɓangaren addini ya fi sauƙi fiye da yadda aka mai da shi a 2020, in an zauna da malamai tun da wuri. Hadisin nan na Bukhari da Muslim sananne ne: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta same ku a ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Shari'ar da ta ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da mutane ba za ta tilasta wa mai zazzaɓi da tari shiga sahu ba. Hajji kansa an taƙaita shi ga mazauna Saudiyya a 2020 da 2021. Abin da ya jawo rigima shi ne umarni da ya faɗo daga sama ba shawara, ana rufe masallaci kasuwa tana ci. Ku zauna da limaman mazaɓarku yanzu ku amince: in ciwo ya ɓarke, a gajarta huɗuba, a buɗe tagogi, sahu ya fita fili, mara lafiya ya yi salla a gida ba tare da an yi masa gori ba. Dubiya ma tana son gyara. Mutum goma sha a ɗakin mara lafiya, ƙofa a rufe, har da jarirai a goye, ba zumunci ba ne. A gaisa daga bakin ƙofa, a yi addu'a, a ajiye abin da aka kawo.

Bokitin wanke hannu bai yi wa korona wani abin kirki ba, amma maganin amai da gudawa ne, in akwai ruwa da sabulu. Ku dawo da shi bakin ban-ɗakin makaranta da wurin masu abinci, musamman daga Yuni. Dama shekararmu a tsare take: sanƙarau da ƙyanda daga hunturu zuwa bazara, gudawa da zazzaɓin sauro da damina, lokacin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata. Kwamitin da ya rataye wannan jadawali a bango, yana shirin kowace cuta wata biyu kafin lokacinta, ya riga ya iya zama da annoba.

Kuɗi kuwa, kada ku jira na waje. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fita, ga shi tallafin Amurka ya ragu ƙwarai tun farkon 2025. Amma akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma wani kaso nasa kai tsaye yake shiga asusun asibitin mazaɓar da aka zaɓa. A tsarin, shugaban kwamitin mazaɓa yana cikin masu sa hannu. Ku nemi ganin nawa ya shigo da abin da aka saya. Na'urar auna oksijin, da na'urar awon jini don dattawan unguwa, da gyaran batirin firjin allura, duk ba su fi ƙarfin wannan kuɗin ba.

Abu na ƙarshe da ke hana ni barci shi ne gabashin jihar. A Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo akwai ƙauyukan da ma'aikacin lafiya ya daɗe bai taka ba saboda 'yan bindiga, kuma mutanensu da yawa sun kwararo cikin gari, suna kwana a kangwaye da gidajen 'yan uwa, ɗaki ɗaya mutum goma. Yaransu da dama ko allura ɗaya ba su taɓa samu ba, ga yunwa ta raunana su. In ƙyanda ko mashaƙo za su tashi, daga nan za su fara, kuma ba laifin iyayen ba ne. Ku roƙi masu unguwa su nuna muku inda baƙin suke, ku je da ungozoma ko wata dattijuwa da matan za su sake da ita, ku duba katin kowane yaro, sannan ku nemi asibitin mazaɓa ya kai musu allura har inda suke maimakon jiran su zo. Iyaye da yawa suna ɗauka in yaro ya wuce wata tara lokaci ya ƙure. Bai ƙure ba. Ɗan shekara biyu ko uku da bai taɓa karɓar ta ƙyanda ba, a kai shi a yi masa.